Taken Maigidana a Ranar Gayya

Ban san wata mace a ƙasar Rogo da ta taɓa zama tana roƙon Allah kada a yabi mijinta a bainar jama'a ba, sai ni. Na yi, kuma da zuciya ɗaya na yi, ina tuƙin tuwo ina share gumi da gefen zani. Amma bari in faro daga tushe, kada a ce tsufa ya fara taɓa ni.

A farkon shekarun tamanin aka kawo ni wani ƙauye kusa da Rogo, daga rugarmu da ke bayan garin Turawa. Mu masu shanu ne, su kuwa manoma ne kaka da kakanni, dawa da gyaɗa. Maigidana dogo ne, baƙi, mai fara'a, kuma duk yankin an san shi da noma. In ya kama garma sai ka rantse ƙasar ce take buɗe masa da kanta. Da damina ta faɗi masu manyan gonaki har rububinsa suke yi, don aikin mutum uku yake gamawa kafin azahar. Mata suna ta yi mini barka, wai na auri ƙarfe. Ni kuma ina ta hura hanci, ban san ƙarfen a 'yar takarda ake ƙunso shi daga kasuwa ba.

Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, a lokacin ana ce mata a-ji-garau. 'Yan ƙodago ne suka koya masa tun yana saurayi. A wajen masu tallan magani a faranti ake sayenta, a fili, kamar ana sayen gishiri. Ba a ma ɗauke ta kayan maye ba, maganin gajiya ake kiranta. Da ɗaya ya fara, in za shi gonar wani. Kafin in yaye 'yata ta biyu ya kai sai ya watsa 'yan biyu ko 'yan uku da kokon safe kafin ya iya fita ƙofar gida, damina da rani, da aiki da babu aiki.

Abinci ya daina ci, barci ya ƙaurace masa. Surutu kuwa kamar rediyo mai sabon batir. In babu aikin gona sai ya kwance dangar gida lafiyayya ya sake ɗaure ta, ya share tsakar gidan da na riga na share, yana yi yana tauna haƙora. In ƙwayar ta sake shi kuma sai fuska ta murtuke, yara su shige bayan rumbu. Gaskiya ɗaya ce, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma ya taɓa yini guda yana gaba da jakinmu, wai jakin yana yi masa kallon raini. Yanzu ina ba da labarin ana dariya, amma a lokacin ba dariya nake yi ba, tsoro nake ji. Mutum yana ta ramewa a gabana har ya koma kamar karan dawa, gari kuma yana ta yi masa kirari.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji har mahaifina ya gaji da ganina. In na dawo sai ya yi kwana biyu yana rantse-rantse, ranar kasuwa ta zagayo a koma gidan jiya. Haka muka ci shekara goma da ɗoriya.

Wata kaka, ana cirar gyaɗa, ya yanke jiki ya faɗi a gona. A amalanke aka turo shi bakin titi, aka sa shi a a-kori-kura sai asibiti a Karaye. Ma'aikacin da ya duba shi bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce zuciyar ta gaji, in ya ci gaba da sha, wata rana gawa za a ɗauko daga gona. A nan bakin gadon, a gaban mahaifina da ƙanin maigidan, na yi rantsuwa. Na ce masa, “Wallahi in ka ƙara haɗiyar ko guda ɗaya na bar gidanka, kuma ba yaji ba ne wannan karon. Ba zan zauna in yi takabar wanda ya kashe kansa da hannunsa ba.” Duk wanda ya san ni ya san bakina yana da yawa, amma ba na wasa da rantsuwa.

Mahaifina mutum ne da ba ya son doguwar magana. Da aka sallame mu sai ya ce, “Ku ba ni shi rani guda.” Ya tafi da shi ruga, inda ba kasuwa, ba mai faranti, ya danƙa masa sanda ya tura shi bayan shanu tare da yayyena.

Ke dai bari. Labarin da yake iso mini daga ruga, rabi tausayi rabi dariya. Da fari barci ya yi ta yi kamar an yi masa asiri, a tashe shi salla ya koma. Sai kuma kuka, ƙato da shi, ya zauna gindin kalgo yana sharɓe babu wanda ya taɓa shi. Ya zagi shanu, ya zagi sanda, ya ce gara mutuwa. Sau ɗaya ya sulale ya kama hanyar Karaye da ƙafa, yayyena suka bi sawu suka tarar da shi zaune a bakin rafi, gajiya ta hana shi ƙarasawa. Suka zauna tare da shi har ya huce, suka taso shi gaba suna tsokanarsa wai Bahaushe ko gudu bai iya ba. Bayan nan yunwa ta zo. Innata ta aiko mini cewa in Allah bai kawo damina da wuri ba surukinta zai shanye mata nonon garke duka.

Gab da ruwan fari ya dawo gida, ya yi ƙiba, wuya ya cika, ido ya washe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirunsa. Ashe mijina ba mai surutu ba ne. Shekaru ina zaune da mutum, sai a lokacin na san halinsa na gaskiya: mai sanyi ne, mai son zama da yara, kuma mai ci ne na ban tsoro. Na sake son shi sabo fil, ba zan ɓoye ba.

Aka yi shuka, aka yi noman firi, wato noman farko. Gonarsa kawai ya tsaya a kai, ya ƙi ƙodago, yana yi a hankali yana hutawa. Mutanen gari kuwa ba a rasa su da magana. Wasu suka ce an kai zaki ruga an mayar da shi tunkiya. Wasu suka ce hali zanen dutse, a bari dai ya ji ganga.

Ganga kuwa ta zo. Ƙaninsa yana neman aure a lokacin, kuma a al'adar garin, saurayi yakan kira gayya a gonar uban yarinya lokacin huɗa. Ya raba goro, ya tara 'yan'uwa da abokai, a jeru a bakin gona kowa da garmarsa da kunyar da zai bi, makaɗa suna biye da su. A nan ake auna gidan su saurayi, a ga ko suna da maza. Kowane manomi da ya isa yana da takensa a gangar noma, kuma makaɗi ba ya kaɗa taken kowa sai na wanda ya tsere wa sa'a ya shiga gaba. Na maigidana, in ka saurara da kyau, cewa yake, “Garma ci ƙasa, mai garma ci gaba.” Shekara da shekaru, in an yi gayya a yankin nan, shi ake ji tun safe har a tashi.

Ƙanin nasa ya shigo gida ya same ni ina tankaɗe. Abokin wasana ne, ba ma raga wa juna. Ya tsuguna yana sosa ƙeya ya ce, “Matar yaya, rana ɗaya ce tak fa. In Yaya ya zo baya a gonar surukaina, da wane ido zan kalle su? Ko rabi ne ki bari ya sha, daga ranar shi ke nan.”

Na ce, “Rabin me?”

Ya ce, “Kin gane ai.”

Na ɗauki muciya. Bai tsaya jin sauran ba, ya bar takalminsa ɗaya a tsakar gida. Gwaggo tana zaune a inuwa tana goga goro a magogi, ta yi dariya har da tari. Gwaggo ƙanwar mahaifinsu ce, tsohuwa, a gidanmu take zaune, kuma bakinta ya fi nawa kaifi, abin da ba kasafai ake samu ba.

Ana gobe gayya, bayan la'asar, na same shi yana gyara ƙotar garma. Na ce, “Malam, za ka je?”

Ya ce, “Ƙanina ne. In ban je ba wa zai je?”

Na ce, “Rantsuwata tana nan fa.”

Bai ɗago ba ya ce, “Na sani.”

Iyakar abin da muka ce ke nan. Na so ya yi mini alkawari, amma na tuna alkawuran da na sha a baya, na juya na koma kan aikina.

Gonar tana bayan gari kaɗan, in an buga ganga a can kamar a zaurenmu ake bugawa. A gidanmu ake girkin 'yan gayya, mata sun cika tsakar gida, ga tukwanen tuwo, ga dambu, ga ƙorai na fura jere. Da hantsi ganga ta tashi. Ni kuma lissafina a fili yake. Mutumin da ya kwanta asibiti bara, yau yana cikin samari, rabinsu kuma na san sun watsa tasu tun asuba, ba yadda za a yi ya shiga gabansu da ƙarfin tuwo. In na ji takensa, to ya sha. In ya sha, aurena ya mutu, shi ma kuma yana hanya.

Sai na kasa kunne. Aka kaɗa na ɗan gidan sarkin noma. Aka kaɗa na wani gajere mai gardama daga unguwar gabas. Duk wanda aka kaɗa sai in ce alhamdu lillahi a zuci. Matan kuwa tausayina suke ji. Wata ta matso ta ce, “Ayya, yau ba mu ji na maigidanki ba. Haka duniya take, ki yi haƙuri.” Na sunkuyar da kai kamar abin ya dame ni, na ce, “To ya za a yi.” A raina kuwa kamar in tashi in taka rawa.

Da azahar Gwaggo ta ja 'yan mata suka kai abinci gona, ita ta zauna a can don ba ta yarda a ba ta labari. Ganga ta huta, ta sake tashi. Na wanke tukwane, na yi salla, kunnena yana bayan gari. Can bayan la'asar kiɗa ya tsaya cak, alamar an gama. Na sauke wata ajiyar zuciya, na ce Allah na gode maka. Har na ɗebo ruwa zan sha.

Sai ganga ta sake tashi, ita kaɗai, babu hayaniya. Garma ci ƙasa, mai garma ci gaba.

Moɗar ta suɓuce daga hannuna. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama, suna cewa zaki ya farka. Ni kuwa na ce ko kunnena ne, na sake saurarawa. Shi ne, ba tantama, take ne da zan gane ko a cikin barci. Na lura a hankali ake kaɗa shi, ba da zafin da na saba ji ba, amma na ce hannun makaɗin ne ya gaji, tsoho ne.

Na shige ɗaki na saki labule. Baƙin cikin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, har da na ranar asibiti. Haushi kuma ya taso mini, na shi, na ƙaninsa, na makaɗin, na garin baki ɗaya da ba su iya ganin mutum ya tsira su ƙyale shi. Na shimfiɗa babban zanina a ƙasa na fara zuba kaya. Na sauke kwanukan jere ina haɗa su, suna ƙara, ina kuka ina masifa ni kaɗai. Gangar nan kuwa ta ƙi yin shiru, ta yi ta yi kamar da gayya, har na toshe kunne.

Ina cikin ƙulle kayan Gwaggo ta yaye labule, tana haki, ƙafarta duk taɓo. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta ce, “Ke kuma ina zuwa?”

Na ce, “Gidan ubana. Ba kurma ba ce ni, Gwaggo, na ji.”

Ta ce, “Me kika ji?”

Na ce, “Takensa.”

Ta samu bakin gado ta zauna, ta kwance bakin zaninta ta ɗauko goro, sai da ta gutsura don ta ja mini rai, sannan ta ce, “Kai, Fulani dai ba ku da haƙuri sai a bayan saniya. To zauna ki ji. Da na isa aka ce mini mijinki tun safe shi ne na ƙarshe. Na ƙarshe fa, har mai ciwon ƙafar nan na gidan liman yana gabansa. Samari suna waiwayowa suna ce masa ko a kawo masa tabarma. Mai tallan ƙwayar nan kuwa ya jingine kekensa a gindin ɗorawa tun hantsi, ya baza faranti. Da aka zauna cin abinci, da idona na ga wani abokin ƙaninsa ya matso ya buɗe masa tafin hannu, ga ƙwaya a ciki. Mijinki ya daɗe yana kallon abin, har na fara salati. Sai ya ce masa, ‘Na ƙoshi,’ ya jawo ƙwaryar fura.”

Na ce, “To taken fa?”

Ta ce, “Ina zuwa, uwar gaggawa. Da kowa ya fita, shi saura rabin kunya a gabansa. Kin san yadda ake yi, waɗanda suka gama sukan taro na baya daga ɗaya bakin su ƙarasa masa. Samari suka ɗauki garma za su tare shi, ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya taɓa masa. Uban yarinyar ya ce a bar shi. Ya ci gaba shi kaɗai, sara ɗaya, numfashi ɗaya, jama'a duk suna tsaye. Sai tsohon makaɗin nan ya tashi ya rataya gangarsa ya bi bayansa, yana kaɗa masa daidai da saransa. Babu wanda ya ƙara yin dariya. Ƙanin nasa ma da kika kora da muciya, yana can yana goge ido da hula.”

Na ce, “Gwaggo, ki rantse.”

Ta ce, “In rantse miki don kin haife ni? Tashi ki kwance wannan shirgin kafin ya shigo ya ga haukarki.”

Ban gama kwancewa ba na ji sallamarsa. Matan sun watse, rana ta yi ja. Ya shigo yana jan garma a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, don a kafaɗa yake shigowa da ita kullum, yana waƙa. Ya jingine ta, ya zo bakin ƙofar ɗakina ya zube a ƙasa ya miƙe ƙafa. Tafin hannunsa duk ya fashe. Na kawo ruwa ya shanye, na ƙaro ya shanye. Sai idonsa ya faɗa kan ƙunshin da ke tsakar ɗaki.

Ya ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Wanki zan yi.”

Ya ce, “Har da kwanukan jere?”

Na ce, “Sun yi ƙura.”

Gwaggo daga inuwarta ta ce, “Ƙwarai kuwa, tun bayan la'asar suke ƙura.” Ya dube ni, na kawar da kai, sai ya yi murmushi bai ƙara tambaya ba. Ya gane, kuma bai ji haushi ba, don ya san da ya sha da tuni ina hanyar Turawa.

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Can ya ce, a hankali, kamar mai ba ni wani labari daga wata ƙasa, “Ashe noma da wuya.”

Na ce, “Yau ka sani?”

Ya ce, “Wallahi yau na sani. Ashe haka mutane suke ji, ni ina gaba ina yi musu dariya.”

Dariya ta kama ni, hawaye kuma yana zuba, na rasa wanne zan tsayar. Mutumin da aka yi wa kirarin noma tun ban san shi ba, sai ranar ya ɗanɗana gajiyar manomi, kuma gajiyar tasa ce, da ƙarfinsa ya samo ta. Na durƙusa a gabansa, abin da ba kullum nake yi ba, na kama hannun nan da ya fashe na ce, “Sannu da aiki, Malam.”

Ya ce, “Yauwa, sannunmu.”